Milimita Biyar a Bakin Littafin Mawaƙi

Duk ilimin da ɗan Adam ya tara tun ranar da ya fara rubutu, zare da gam ne suke riƙe da shi. Ku tsinke zaren ku ga yadda falsafa za ta watse a ƙasa tana bin iskar fanka. Sarakuna sun ƙona ɗakunan karatu, ambaliya ta cinye wasu, amma babu wanda ya kai mai ɗaurin littafi ɓarna idan hannunsa ya riga hankalinsa. Ina faɗin wannan ne saboda ku, masu shigowa shagona a Pantai Dalam ku dire mini kundin digiri a kan tebur kamar kun kawo wanki, ku ce, "Malam Sabo, ba liƙi ne kawai ba? Zuwa la'asar, boleh?"

Boleh, wato "zai yiwu" da Malayanci. To, ba boleh ba. Ku samu wuri ku zauna.

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Kano kafin in zo ƙasar nan ta Malayu neman digiri na uku. A shekara ta biyu waɗanda suka ɗauki nauyina suka manta da ni, irin mantuwar nan mai tsabta da ba a ko amsa wasiƙa. Na nemi abin yi. Na same shi a wani bene bayan Jalan Masjid India, saman shagon masu atamfa da gyale, wurin wani tsoho Ba'indiye Musulmi mai suna Haji Kadir. Da ya ji malamin makaranta ne ni sai ya laƙaba mini Cikgu, wato malam da Malayanci, kuma bai taɓa faɗin sa ba tare da ɗan murmushin mugunta ba.

Aikin farko da ya damƙa mini ni kaɗai kundi ne a kan kiwon tarwada a tafkin siminti. Aikin rabin yini ne. Na yi kwana uku a kansa, domin karantawa na zauna yi. Da mai shi ya zo karɓa, na gaya masa cikin ladabi cewa babi na huɗu ya ƙaryata babi na biyu. Gaskiya ce kuwa. Washegari ce ranar miƙawarsa. Ya zauna a kan matakala ya dafe kai, sannan ya tashi ya tafi, ya tafi mana da duk 'yan sashensu.

Haji bai yi faɗa ba. Ya ce, "Cikgu, akwai lamba a kusurwar shafi. Ita ce taka. Abin da ke tsakiya na mai shi ne da Ubangijinsa."

Wata shida ya yi yana ba ni littattafan Tamil da na Sinanci, waɗanda ban san hawa ko saukarsu ba. Idan na Turanci ya shigo, sai ya juya mini shi kai a ƙasa. Da haka na koyi duban shafi ba tare da na gan shi ba. Ido ya faɗa kan lamba, ya tsallake, ya faɗa kan ta gaba. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana tilasta wa yara karatu, ga shi ya ƙware a rashin yin sa. Har alfahari nake yi da hakan. Dokar Haji ta biyu kuwa ita ce, kafin ka taɓa tsohon littafi ka dubi idon mai shi ka tambaye shi, "Akwai abin da ya kamata in sani?" Wannan ban ɗauke ta da nauyi ba. Na ɗauka gaisuwa ce ta 'yan kasuwa.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu wanda zai burge ku. Allura mai lanƙwasa. Zaren lilin da ake ja ta cikin kakin zuma don kada ya yanka takarda. Wani ɗan ƙashi mai santsi na murza gaɓa, wanda nawa ya yi ja saboda zufar shekaru. Gam na kanti don kwali, da kunun fulawa da nake damawa da kaina don takarda mai rauni, wanda a garin nan kwana biyu yake yi ya yi tsami, kyankyasai kuma suna son sa fiye da yadda kuke son shayin mamak na shagunan Indiyawa. Injin matsi. Haruffan ƙarfe da ake zafafawa a buga suna da ruwan zinariya. Sai babbansu, injin yanka, ƙarfe zalla, mai wuƙa tsawon hannu da sanda da ake dannawa da nauyin jiki. Ni na sa masa suna Hauni. Ya ci kan yatsan Haji na hagu tun kafin a haife ku. Ƙa'idarsa guda ce: sabon kundi milimita uku a baki, tsohon littafi da fumfuna ta ci milimita biyar. Bayan nan bakin littafi ya fito fes kamar yankan sabulu. Da Haji ya gaji ya koma garinsu, ya bar mini injin. Ƙarti huɗu ne suka sauko da shi daga benen suna zagina da harsuna uku.

Masu kawo aiki kuwa na ga iri-iri. Na ga wanda ya roƙe ni in sa masa takarda mai kauri don kundinsa ya fi na abokinsa ƙiba. Na ga wanda ya sa aka buga "Dokta" a bango tun kafin ya kare kundin, ya dawo bayan wata biyu yana tambaya ko zinariya tana kankaruwa. Tana kankaruwa, amma gurbin yana nan. Na ga matar wani ɗalibi da ta kawo littafin addu'o'in mahaifiyarta a naɗe cikin ɗankwali, ta tsaya a kaina har na gama, ba ta yarda ta zauna ba. Ita ce kaɗai a shekarar da ta san abin da ta kawo.

Sai shekarar kulle ta zo. Aka rufe jami'a, aka ce kowa ya tura kundinsa ta kwamfuta. Da aka buɗe, sai hukumomi suka lura duniya ba ta tashi ba don babu bango mai zinariya, yawancinsu ba su koma ba. Yadin bango ya yi fumfuna a kan kanta. Na riƙa ɗaure littattafan rubutu marasa komai a ciki, don kada hannu ya manta, ina jera su babu mai tambaya. Wata bakwai Hauni bai ci komai ba sai mai.

A ƙarshen wannan ne Dokta Nura ya shigo da kwali a kafaɗa. Ɗan Zariya ne, yana koyar da lissafi a wata jami'a a Bukit Jalil, ni na ɗaure masa kundinsa a zamanin arziki.

"Malam Sabo, kana raye?"

"Haka ake cewa."

"Na samo maka Bature."

"Mai rai?"

"Da ɗan saura lah. Maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa. Mista Gerald. Mawaƙi ne fa, na gaske, ba irin na yaran nan ba. Akwai wata waƙarsa da ko kai ka taɓa ji a rediyo ba ka san tasa ba ce."

"Ni rediyona labarai yake kamawa."

"To ka ji labari. Mantuwa ta fara kama shi, likita ya tabbatar. 'Yarsa tana Ingila, ta shirya wani mai na'ura zai zo ya ɗauki faifansa na ƙarshe kafin abin ya yi nisa. Yana da sababbin waƙoƙi da bai taɓa fitarwa ba. Amma kullum yana cikin littattafan nan, ga su suna zubewa a hannunsa. Ta ce a gyara masa su."

Guda goma sha ɗaya ne. Diwanin waƙoƙin mutanen da, labarin tafiyar teku guda biyu, ƙamus na tsuntsaye, fassarar baitocin Farisa, tarihin wani mai wa'azi da aka ƙona, da wasu. Zaɓi ne na mutumin da ya karantar da kansa, babu tsari, babu kunya. Damina arba'in ta ƙasashe daban-daban ta bi ta kansu. Gara ta yi hanyoyi, bakin shafuka ya yi baƙi. Ban ga mai su ba, ban nemi ganin sa ba. Wata bakwai ina jiran aiki, ga aiki.

Na warware su ɗaya bayan ɗaya, na share fumfuna da burushi mai laushi, na ɗinke, na matse. Shafi sama da dubu uku ya bi ta hannuna, kowanne na duba lambarsa. Na ga wani duhu-duhu siriri a can bakin wasu shafukan. Na ce dattin yatsa ne. Idona ya bi ta kansa sau ɗaruruwa, ya yi abin da aka koya masa. Na sa su a Hauni, milimita biyar-biyar. Na yi musu bango kore mai duhu, na buga sunaye. Har yau ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba. Tarkacen yankan guda huɗu na farko ya bi motar shara. Na sauran bakwai na tura cikin buhun shinkafa a ƙarƙashin tebur, ba don hikima ba, don ƙyuyar sauka ƙasa.

Ranar Alhamis bayan azahar muka kai masa, ni da Dokta. Dogon tsoho ne, ƙashi da fata, da farin gashi har kafaɗa, sanye da zanen maza irin na Malayu da tsohuwar rigar sanyi a cikin wannan zafin. Muryarsa kamar ana jan kujera a ɗaki na ƙasa. Da Dokta ya ce masa na taɓa koyar da adabi, sai ya ce, "Farfesa ke nan. Zauna, Farfesa. Na tsani malamai, amma ina ba su shayi."

Ya ɗauki littafin da ke sama, ya shinshina bangon, ya gyaɗa kai. Sannan ya yi wani abu da ban taɓa ganin mai karatu ya yi ba. Ya juya littafin a kwance, ya buɗe, ya sa babban yatsa yana bin bakin shafin. Ya buɗe na gaba. Ya ɗauki wani littafin. Ya ɗauki na uku.

"Ina suke?"

Na ce, "Su wa, ranka ya daɗe?"

Bai ɗaga murya ba. Ya yi mana bayani dalla-dalla kamar mai karanta wasiyya. Yana ɗan shekara tara, a wani garin tashar jiragen ruwa a arewacin Ingila, malaminsu ya kama shi ya yi rubutu a littafin makaranta, ya farfasa masa yatsu da gefen rula a gaban aji. Bai daina rubutun ba. Sai ya koyi yin sa a inda ba a gani: ya juya littafi a kwance, ya ja layi ɗaya tak da fensir mai tauri a can bakin shafi, daidai inda babban yatsa yake rufewa. Haka ya rubuta kowace waƙa a rayuwarsa. Bai taɓa mallakar littafin rubutu ba. Yana karatu, marubucin ya faɗi abin da ya tsokane shi, sai ya mayar masa da amsa a baki, layi ɗaya a shafi, waƙa guda ta bi shafi ashirin ko talatin. Bai iya rubutun kiɗa ba. Karin yana kansa, kuma ba ya tasowa sai ya ga layin da hannunsa, a gefen maganar da ta haife shi. Waƙoƙi goma sha tara ne na shekarun da ya yi shiru. Su za a ɗauka.

Dokta ya ce da Hausa, a hankali, "Innalillahi. Malam, ba ka duba ba?"

"Na duba lamba."

Tsohon ya shafa bakin littafin. "Aiki ya yi kyau, Farfesa. Likita ya ce abin zai ɗauki shekara biyu kafin ya share ni. Kai kwana goma ka yi."

Na koma shago na zazzage buhun a kan tabarma. Ku da kuke cewa liƙi ne kawai, ga liƙi. Zirin takarda sama da dubu biyu, kowanne faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba, na littattafai bakwai, a cakuɗe. Wasu babu komai a kansu. Wasu da layi cikakke. Wasu Hauni ya tsaga layin gida biyu a tsawonsa, kawunan haruffa a ziri, ƙafafunsu a littafi. Waɗannan su ne masu sauƙi. Na kashe fanka, na rufe taga, domin numfashi mai ƙarfi ma yana tashin su. Na ɗaura tsumma a goshi kada zufa ta ɗiga. Na fara rabawa da launi, wannan ya fi ja, wannan ya fi toka. Sannan da kauri, tsakanin yatsa biyu, ido a rufe. Sannan da hanyar gara, domin ramin da ya shiga ta shafi yana fita ta ziri, kuma gara ba ta ƙarya. Tabon shayi guda ɗaya ya ba ni shafi goma sha shida a jere.

Da waɗannan suka ƙare, saura ɗaruruwa da ba su da wata alama sai abin da aka rubuta a kansu. Tunda kowane layi amsa ne ga shafinsa, babu hanya sai in karanta shafin in nemo wanda ya amsa masa. Cutar da Haji ya yi wata shida yana yi mini magani, ita na koma nema. Ta yi wuyar dawowa. Kwana biyu idona yana zamewa zuwa kusurwa kamar akuyar da ta saba da turke.

Yadda ake mayar da ziri: a kwantar da shafi a kan gilashi, a ɗauko zirin da matsefata, a haɗa baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a shafa kunun fulawa a wata takarda mai sirantar bawon albasa, a ɗora ta baya, a murza da ƙashi, a sa nauyi. Idan kunun ya yi ruwa, fensir ya bazu. Idan ya yi kauri, shafi ya tattare. Shafi goma sha biyu nake yi a yini mai kyau. Mai na'ura kuma an sa masa ranar zuwa nan da wata biyar.

Duk littafin da na gama, ranar Alhamis nake ɗaukar sa a jirgin ƙasan cikin gari, LRT, in kai masa. A nan na ji rayuwarsa, gutsure-gutsure, ba bisa tsari ba. Ubansa yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, bai taɓa shiga jirgi ba. Shi ya fara da waƙar coci, aka kore shi, ya koma mashaya inda ake jifan mawaƙi da kwalba idan ya yi sanyi. A zamanin wando mai faɗin ƙafa ya yi wata waƙar soyayya cikin minti ashirin, don cike gurbi a faifai. Ita ce ta kama duniya. Ita kaɗai ce bai rubuta a bakin littafi ba, a bayan kwalin taba ya yi ta.

"Shekara arba'in ina karanta manyan mutane ina ba su amsa," in ji shi, "amma duk inda na tsaya, kwalin tabar nan suke so. Ta saya mini gida biyu da hanta ɗaya da ta lalace. Kana sha, Farfesa?"

"A'a."

"Me kake yi da baƙin ciki?"

"Ina ɗaure shi da kore mai duhu."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Matarsa 'yar ƙasar nan ce, ma'aikaciyar jinya, ita ta raba shi da kwalba ta kawo shi nan. Ta rasu shekara shida kafin in san shi. Bai koma gida ba, ya ce can sanyi ne da mutanen da suke tuna shi da gashi baƙi.

Littafi na biyu da na kai shi ne ɗaya daga na tafiyar teku. Ya juya shi a kwance, ya bi layin farko da yatsa. Sai ya fara buga ƙafa. Ya rera ta tun daga farko har ƙarshe, yana buɗe shafi a kan kowane layi, shafi ashirin da shida. A kan ubansa ce, mutumin da ya ɗora kayan duniya duka a jiragen da bai san inda za su ba. Muryar ta tsage a wurare biyu, bai tsaya ba. Mai aikin gidan ta fito daga kicin da wuƙa da albasa a hannu ta tsaya. Wayata tana cikin jaka a bakin ƙofa. Dokta ya ce, "Bari, mako mai zuwa zan zo da abin ɗauka mai kyau. Wannan ba ta waya ba ce." Na yarda da shi. Mu biyu, masu digiri biyar a tsakaninmu.

Da mako ya zagayo, ya kai baiti na biyu ya ɓace. A littafi na huɗu yana rera layi biyu ya tsaya ya tambaye ni abin da ke biye, ni kuwa kalmomin kawai na sani, kuma muryata ko a sahun baya ba a son ta. Na ƙara sauri, na kai shafi ashirin a yini, na ɓata uku. A na biyar ya karanta layukan a fili kamar mai karanta takardar magani, ya ce, "Ba laifi. Na wane ne?" A na shida bai ce mini Farfesa ba. Ya miƙe tsaye da na shigo, ya sa hannuwa a baya.

Na bakwai shi ne ƙamus na tsuntsaye, mafi wuya, domin takardarsa tana karyewa kamar ƙanzo. Mako biyar ya ci. Na miƙa masa. Ya juya shi a kwance, hannun bai manta ba. Ya ga fensir. Sai ya rufe da sauri ya tura ƙarƙashin cinyarsa, ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Ba ni ba ne, Malam."

"Na sani. Naka ne, kai ka..."

"Zan goge. Don Allah kada ka faɗa a gida. Yanzu zan goge."

Ya zaro littafin, ya lashi babban yatsa, ya hau murza bakin shafin. Takardar ta fara narkewa tana naɗewa. Na riƙe hannunsa, ya ƙwace, ya kare kansa da ɗayan hannun kamar mai jiran duka. Ya koma shafi na biyu da yawu.

Akwai kilina a aljihuna, mai laushi, wadda nake share datti da ita. Duk mai sana'ar nan zai gaya muku kilina ta fi yawu sauƙi a kan tsohuwar takarda. Na ba shi.

Ya yi godiya. Ya zauna ya goge a tsanake, yana hure garin, kamar yaron kirki. Mai aikin ta gaya wa Dokta cewa kwana tara ya yi yana goge littattafan bakwai ɗin. Idan ta ɓoye su sai ya ƙi cin abinci yana kuka, sai ta fito da su. Liƙina bai ɗaga ba ko a shafi ɗaya.

Za ku tambaya ko ban kwafa ba. Na kwafa, kowane layi, a ɗaya daga littattafan nan marasa komai da na ɗaure a shekarar kulle. Waƙa goma sha biyu, sauran bakwai suna inda motar shara ta kai su. Na karanta su sau da yawa da idon tsohon malami. Ba tare da karin ba, biyar bisa goma zan ba su, shida ga ta uban. Abin da ya sa mai aiki ta tsaya da albasa a hannu ba ya cikin takarda, kuma ban san da wane zare ake ɗinke shi ba.

Mai na'ura ya zo a kan lokaci, ya kafa kayansa a falo. 'Yar, Hana, ta zo daga Ingila. Aka ɗora masa littattafan a cinya, bai buɗe ba. Aka karanta masa daga kwafina, ya saurara da ladabi. Sai mai na'urar, don ya saki jiki, ya ɗan kaɗa farkon waƙar kwalin taba. Mista Gerald ya rera ta duka, babu tuntuɓe, da murmushi. Aka tafa. Ya sake. Sau huɗu ya yi ta a ranar, kowane karo yana tsammanin na farko ne. Ita aka ɗauka.

Shi ya sa idan kun kawo mini ko da littafin girkin matarku ne, nake tsayar da ku in ce, "Akwai abin da ya kamata in sani?" kuna dariya kuna cewa Malam ya fara tambayoyin likita. Shi ya sa kuma aikin la'asar yake kai jibi. Yanzu ina karantawa. Babi na huɗu yana nan yana ƙaryata na biyu, na dai koyi yin shiru.

Mista Gerald ya rasu bara, aka binne shi kusa da matarsa. Bayan mako biyu Hana ta shigo shagon nan da kwalin, Dokta yana biye da ita. Tana kwashe gidan ne. Wani mai sayen tsofaffin littattafai ya ce zai karɓa, bangon ya burge shi, amma bakin guda bakwai ya yi kauri da liƙi, ya yi kaca-kaca, ba za su zauna daidai da sauran huɗun a kanta ba.

Ta ce, "An ce kana da injin da yake daidaita su."

Dokta ya dubi silin.

Na ce, "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Ta yi ɗan tunani. "A'a. Ba na jin akwai."

Na ce ta dawo jibi. Na buɗe su shafi-shafi a gaban taga, na juya kowanne a kwance, na karkata shi ga haske ko fensir ya bar gurbi. Babu ko ɗaya: hannun tsohon mara nauyi ne, kilinar kuma mai kyau ce.

Na yanke milimita biyar. Aikin bai kai minti arba'in ba.